Duwatsun Murhunki a Ƙarƙashin Taya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ɗa ke yi wa uwa yana durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwanci. Garba ne. Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda, ko kina raye ma sai an nemo mai karanta miki. Amma bana shekara huɗu da rasuwarki, kuma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, na duba gabas da yamma ban ga wanda zan faɗa wa ita ba sai ke. Na sa ta inda mutane za su gani a wayoyinsu, don da yawa a can suka san ni, ina tsaye gaban motoci ina washe baki. Su karanta, ba laifi. Ni dai da ke nake.

Mutanen gida suna lafiya. Matata Hauwa tana nan da ciwon bayanta, yara sun girma, ɗakinki mun mai da shi wurin ajiyar albasa, ki yi haƙuri. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, tana raye, sai dai idanun sun kusa tafiya.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Duwatsun nan uku na kufai da kika bar mini amanarsu, na ɗauke su daga inda kika aza su, kuma na kasa gane wurin. Yanzu na san wadda ke kwance a ƙarƙashinsu. Ranar da na ɗauke su ban sani ba.

Bari in faɗi abin da kika fi ni sani, saboda masu leƙen wasiƙar nan. Kina ƙaramar amarya aka tare kogin Kwara a Kainji, ruwa ya taso ya ci tsohon garinmu, aka kwashe ku zuwa tudu, inda aka haife ni bayan shekaru. To amma ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara in bazara ta kama sai ya fara ja da baya, ya bar fili shimfiɗe, ba itace ba dutse, sai busasshiyar laka da katantanwa. Can ciki, tafiyar da ta fi rabin sa'a a ƙafa, nan kufanmu yake. Baƙo ba zai gane an taɓa zama a wurin ba, don gidajen ƙasa sun narke tun shekarar farko. Abin da ido ke iya kamawa daga nesa duwatsunki ne, baƙaƙe guda uku, kowane ya kai girman tulu ƙarami.

Ba ki taɓa fashin zuwa ba. Da an ce ruwa ya saki kufai, sai ki ɗauki tsintsiya da buta ki ce in raka ki. Ina ƙarami muna tafiya a ƙafa, da na sayi babur na riƙa goya ki, kina riƙe da rigata kina cewa in rage gudu alhali kaza ma za ta wuce mu. In mun isa sai ki share ciyawar ruwa da ta maƙale musu, ki gyara wanda ya karkace, ki zauna ki ba ni baya. Na sha tambayarki, amsar kullum ɗaya ce: "Nan na gidanmu." In na daɗe tsaye a kanki sai ki ce, "Tahi ka duba baburinka, kada rana ta kashe shi."

Duwatsu uku, baƙaƙe da tsohon hayaƙi, a inda aka ce nan ne gida. Ko wa kika tambaya zai ce murhu ne. Ni ma haka na ɗauka, har ina tsokanarki, in ce Inna a kawo itace ne a ɗora tuwo? Sai ki ce, "Garba, bakinka ya cika yawa." Ba ki yi dariya ba ko sau ɗaya, ni kuma ban taɓa lura da hakan ba sai bana.

Zuwanmu na ƙarshe, ƙafafunki sun riga sun kumbura, ni na saukar da ke daga babur. Da za mu dawo kika dafa kafaɗata kika ce, "In ba ni, ka riƙa leƙa duwatsun ga. Kak ka bari su gusa." Na ce to. A zuciyata na ce tsufa ke nan, mutum ya shaƙu da murhun da ya daina dafa masa abinci tun kafin a haife ni.

Bazarar da ta biyo bayan rasuwarki mutanen motoci suka zo. Ina tashar Wara ina ɗaure kwandon kifi a babur aka nuna musu ni, wai ga wanda ya san duk wata hanyar awaki daga nan har Shanga. Shugabansu wani dogo ne mai furfura a gemu, daga Kaduna, kowa Injiniya yake ce masa. Da kin ga motocin da kin yi salati. Dogaye ne, sai ka taka ka hau, tayoyi kamar na tarakta, ga wani bututu da aka miƙe a gefen gilashi don inji ya sha iska ko an shiga ruwa, ga nannaɗaɗɗiyar waya a gaba ta jan mota in ta kafe. Wasu kuma babura ne masu taya huɗu. Na tambaye su ina za su, suka ce ba ko'ina, hanya marar kyau suke nema.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Mu tun tasowarmu addu'armu ke nan Allah Ya kawo mai shimfiɗa mana kwalta, su kuma sun yini a kan kwalta suna neman ramuka. Amma da na ga da gaske suke, na hau gaba na ce su biyo ni.

In faɗa miki gaskiya, Inna, zuwansu ya yi mana rana. Lokacin sunan yankinmu ba ya fita a rediyo sai da mugun labari, har dangi na nesa sun rage zuwa biki. Sai ga mutane daga Abuja da Sakkwato suna kwana a garinmu da son ransu. Hauwa da matan unguwa suka kafa kaskon suya a bakin gaɓa, kifin ƙarfasa da warangi ba sa kwana. Matan Fulani suka riƙa kawo fura da nono, masu jirgin ruwa suna kai baƙi gungu, wato tsibirin tsakiyar ruwa, su dawo da su, mai facin garinmu ya sayi sabon injin iska. In za su tafi sai su cika bayan mota da albasa da bandar kifi. Ni kuwa na zama ɗan jagora, aka ba ni hula mai baki da riga mai rubutu a baya, kaina ya yi girma har hular ta fara matse ni.

Ni na zana musu hanyar. Ta bi burtali, ta sauka kwazazzabo, ta hau wani dutse mai santsi inda mota ke ɗaga hanci sama, sannan ta gangaro cikin filin da ruwa ya saki. Wannan filin shi ne zuciyar abin. Nan suke sakin motocin, laka na tashi, ruwa na ƙyalli a gefe, suna ihu kamar yara. Mai gari ya ja mini kunne a kan abu biyu, kada a taka kwamin albasa, kada a firgita shanu. Na kiyaye. Ba wanda ya ce mini komai a kan kufai, kuma hanyar ta ratsa tsakiyarsa.

Har zango na yi musu a wurin duwatsunki. Sai in tsai da ayari in ce ga murhun uwata, a nan ta yi girki kafin ruwa ya ci gari. Suna son wannan labarin ƙwarai. Su sauko su ɗauki hoto, wasu su tsuguna su yi kamar suna hura wuta. Ina ganin ai na cika alkawari har da ƙari, tunda ba leƙawa kaɗai nake yi ba, na sa duniya ta san su.

A shekara ta uku abin ya faru. Ruwan sama ya sauka da wuri sau biyu, sannan rana ta buɗe. Kin san yadda filin yake yi in haka ta faru, sama ya bushe ya yi ɓawo, ƙasa kuwa kunu. Na gani. Tun daga gangare na ga launin ƙasar ya yi duhu, na san bai kamata mota mai nauyi ta shiga ba. Amma ranar Injiniya ya zo da manyan baƙi, har da masu ɗaukar hoton bidiyo, kuma an gama yabona a gabansu cewa ƙasar nan a tafin hannuna take. Na ji kunyar in ce a juya. Na ɗaga hannu na ce a shiga.

Babbar motar ta nutse har ciki, kamar taku ashirin daga duwatsunki. Ba itacen da za a ɗaura waya. Ta biyu ta zo ja, ita ma ta zauna. Aka kafa jak, jak ya shige laka. Katakan da suka zo da su suka karye. Rana ta take, baƙi sun fara ɓata fuska, kowa yana waige-waige yana neman abu mai tauri, kuma a duk faɗin filin nan abu mai tauri uku ne kawai.

Ba wanda ya roƙe ni, Inna. Ina so ki ji wannan da kyau, don kada a ɗora wa baƙi laifin da ba nasu ba. Injiniya ma cewa ya yi a bari a aika gari a kawo duwatsu. Ni da bakina na ce ba sai an wahala ba, duwatsun murhu ne, in mun gama mu mayar. Ni na ciccibe su ɗaya bayan ɗaya. Sun lafe a ƙasa sosai, sai da na sa ƙarfen taya na ɓanɓare su. Ɗaya ya shiga ƙarƙashin jak, biyu ƙarƙashin tayoyin baya.

Tun hantsi muke fama har la'asar. Motoci biyar suna kewaya wurin suna neman inda za su tsaya su ja, babura suna kai da kawo, tayoyi suna juyawa suna watso laka. Da motar ta fita aka yi sowa, wasu samari suka ɗaga ni sama. Sai da suka sauke ni na juya in mai da duwatsun, na ga wurin ya koma kamar gonar da aka yi wa huɗa ba tsari. Ramukan da na ciro su sun shafe. Biyu sun nutse can ƙasa inda taya ta danna su, na ukun ya tsage gida biyu. Na ɗauki ɓarin na ajiye a inda nake zato, na kakkaɓe hannu.

Na ji ba daɗi, amma kaɗan. Na ce a raina Inna za ta yi faɗa da tana nan, shi ke nan. Da yamma na ci soyayyen kifi tare da baƙi, muna kallon bidiyon a waya muna dariya. Bayan 'yan watanni ruwa ya dawo ya rufe komai.

Farkon bazarar bana Gwaggo Asabe ta zo daga Shanga a duba mata ido, ta sauka a gidanmu. Muna zaune a inuwa bayan azahar, ina ba ta labarin aikina don in sa ta dariya, har na kawo kan ranar da murhun Inna ya ceci motar masu kuɗi. Ina cikin kwaikwayon kukan injin na ga carbinta ya tsaya. Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Waɗanne duwatsu kac ce?" Na maimaita. Sai ta ce, "Kai Garba. Yayarka na nan ƙasansu."

Ita ta ba ni labarin da kika riƙe fiye da shekara hamsin. Cewa kin haifi 'ya mace kafin tashi, ta yi wata takwas, ƙyanda ta ɗauke ta ana saura 'yan makonni a kwashe ku. Aka rufe ta a bayan ɗakinki, yadda ake yi wa jarirai a lokacin. Ranar tashi kowa yana ta kan tukwane da awaki, har an loda kaya, sai aka neme ki aka rasa. Gwaggo ta same ki a gidan da ba kowa, kin kwashe wutar ƙarshe kina mirgina duwatsun murhu da zafinsu zuwa bayan ɗaki. Kin ce su ne ruwa ba zai iya ɗauka ba. Ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, ɗaya a tsakiya. Ta ce tafin hannunki sai da ya yi bororo.

Na ce don me ba wanda ya taɓa gaya mini? Gwaggo ta ce, "Wa za shi gaya maka? Ubanka ya tahi kana rarrahe, ni an kai ni aure nesa. Ita ko ɗiyar hwari ta, ba ta iya kama sunanta." Ta ƙara da cewa, "Kai ba ka taɓa tambayar kanka ba, mi as sa take kiran sunanka gatsau gaban mutane? Wace uwa ka kiran sunan ɗan hwari?"

Ban taɓa tambaya ba. Abokaina da suke 'ya'yan fari, iyayensu mata ba sa kiran sunansu, ba sa yabonsu, ba sa ma kallonsu in da mutane. Ni kuwa Garba a bakinki tun safe har dare. Na ɗauka ke ce kika fi sauran mata wayewa, har ina yi wa abokaina gori. Ashe kunyar tana nan, kin riga kin ba wadda ta riga ni. Ga kuma tsoron bakin mutane, a ce mace tana zuwa kabari kowace shekara. Sai kika bar shi a murhu.

Gwaggo ta faɗa mini sunanta. Ki yi haƙuri, zan rubuta shi sau ɗaya, don ya zauna a wani wuri tunda dutsen bai zauna ba. Rabi.

Washegari na ɗauki rodi na nufi kufai. Ɓarin dutsen da na ajiye da zato ma ruwa ya mirgina shi. Na yi ta soka rodi a ƙasa, kwana da kwanaki, har na ci karo da biyun da suka nutse, na haƙo su. Amma su inda motar ta kafe suke nunawa. Daga nan taku ashirin ne, na sani, to ta wane gefe? Na tsaya na rufe ido ina ƙoƙarin tuna inda rana take ranar, inda ruwa yake, inda na sunkuya. Duk lokacin da na buɗe ido sai in ga fili iri ɗaya ta kowace fuska. Shekara nawa ina raka ki, ban taɓa ƙirga taku ba, ban taɓa daidaita wurin da wani tudu ko gungu ba. Duwatsun nake hangowa in nufe su.

Na kira Injiniya na gaya masa. Mutumin kirki ne. Ya tattaro mini duk hotunan da aka taɓa ɗauka a wurin. Ga duwatsun nan ɓaro-ɓaro a kowane hoto, ga ni a gefe ina nuna su da yatsa, amma bayansu ba komai sai laka da sama da bakin ruwa, shi kuma bakin ruwa kowane mako da inda yake. Ya ce waya tana riƙe wurin da aka ɗauki hoto. Muka bi ta, ta kai mu kufai, ta zana mana fili mai faɗin masallacin idi ta ce a nan ciki ne. Wannan ai na riga na sani.

Ya ce zai kawo siminti a yi alama mai kyau. Na ce a ina?

Ban haƙa ko'ina ba. Ina tsoron in haƙa in samu, ina tsoron in haƙa in rasa. Liman ya ce in bar ta, ƙasa ta riga ta karɓi abinta, kuma Allah ba Ya buƙatar dutse. Na san gaskiya ya faɗa. Sai dai ke kin buƙace shi, kuma ni kika ba wa.

Na je na gaya wa mai gari, na ce ba zan ƙara shigar da mota kufai ba. Magana ta bazu. Abin da ya biyo baya shi ya fi karya ni. Tsofaffin mata suka fara shigowa wajen Hauwa ɗaya ɗaya, kamar masu zuwa aron gishiri. Su zauna, su yi zancen zafi da tsadar gero, sai za su tashi su ce, "Mu ma muna da ajiya can." Ba wadda ta kama suna. Baba Saratu, maƙwabciyarki da kuke raba tuwon salla da na Kirsimeti, ta ce ita ɓarin dutsen niƙa ta kifa a kan nata, laka ta binne shi tuni amma ta san wurin. Wata ta ce ruwan fartanya ta kafa. Shekara uku suna jin kukan injuna daga tsakar gidajensu, sun san ta inda muke bi. Hauwa ta tambayi Baba Saratu don me ba su yi magana ba. Ta ce, "Mun ga kuna samun na abinci, ɗiyata."

An rufe hanyar kufai. Injiniya ya zo da kansa, ya cire hula a gaban mai gari ya ba da haƙuri a kan abin da ba shi ya yi ba. Na zana musu wata hanyar ta tudu, suka gwada sau biyu. Amma burtali da duwatsu akwai su ko'ina, filin ruwan ne babu, kuma ba yadda za a shiga filin daga gefenmu ba a ratsa kufai ba, don dama da hagu albasa ce. Ayarin ya ragu, daga baya na ga hotunansu a wata gaɓar, wani ne a gaba da irin hulata. Ban ga laifinsu ba.

Gari ya rabu a kaina. Tsofaffi suna sa mini albarka a hankali, yadda ba za a ji ba. Samari kuwa a fili suke faɗa, wai na kashe musu kasuwa saboda abin da ruwa ya cinye tun kafin a haifi iyayensu. Mai faci ya daina amsa gaisuwata. Wani mai jirgi ya tare ni a bakin gaɓa ya ce na ƙasa sun huta, mu ne masu ciki. Na wuce abina, don 'ya'yansa bakwai kuma na san abin da baƙin nan suke sa masa a tukunya. Hauwa ta wanke babban kaskonta ta rataye a bango. Na koma dakon kifi zuwa Wara.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na fi jin nauyinsa. Na yi fushi da ke, Inna. Watannin nan duka, ina soka rodi a laka ina yi miki faɗa a zuci. Magana ɗaya ce fa. Ranar da kika dafa kafaɗata, da kin ce Garba, 'yata ce a nan, da ko jirgin sama ne ya kafe ba zan taɓa su ba. Da hanyar ma ba ta bi ta can ba tun farko, da ba a saba wa mutane da abin da za a ƙwace musu ba. Na ce wace irin kunya ce wannan, da za ta sa uwa ta ƙona hannunta saboda 'ya amma ta kasa buɗe baki? Na rantse a raina cewa a gidana an gama wannan al'adar, abin da ke cikina zan riƙa faɗa wa 'ya'yana da sunansu.

Makon jiya farin ruwa, cikowar kogi ta damina, ya iso. Kwana uku ya shafe kufai, yanzu in kin tsaya a gaɓa sai ki ce ba a taɓa taka wurin ba. Na ari jirgi na ce wa babbar 'yata ta zo mu je. Kin san ta, ita ce kike goyawa kina cewa ta fi ubanta hankali. Ta zama budurwa, bana za ta gama makarantar koyon aikin jinya. Na ce tunda na kasa riƙe wurin, bari in damƙa labarin a hannun wadda za ta riƙe.

Na tuƙa mu har inda nake zaton tsakiyar kufai ne, na ajiye filafili. Na gaya mata komai, ban rage ba, har da hular da kunyar juyawa. Na faɗa mata sunan gwaggonta. Ta saurara tana kallon ruwa, hawaye na zubo mata, ba ta share ba. Sai na ce yanzu ne. Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, ko a gabanta ko a bayanta, don ita ce ta fari. Na yi niyyar in kira ta, in ce mata ina alfahari da ita, in ce ranar da aka haife ta na ɓuya a bayan rumbu na yi kuka don murna.

Na buɗe baki, Inna. Sunan yana nan a kan harshena, harafi nawa ne duka. Fuskata ta ɗau zafi, na ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Ta ɗago ta dube ni tana jira. Na kau da kai na ce, "Ke, kwashe ruwan nan, jirgin na yoyo."

Ta ɗauki ƙwarya ta fara kwasa. Na ɗauki filafili muka dawo gaɓa. Kin ga ko a wasiƙar nan ban iya rubuta sunanta ba.

Don haka na janye faɗan da na yi miki. Tawa tana zaune a gabana da ranta da lafiyarta na kasa. Ke taki tana ƙarƙashin ƙasa, ƙasar tana ƙarƙashin ruwa, kina yarinya, ba mai tambayarki yaya kika kwana da abin. Kin faɗa mini iyakar yadda bakinki zai iya, kowace shekara, da tsintsiya. Ni ne ban ji ba.

Ki yafe mini duwatsun, Innata. Ki yafe mini tsokanar tuwo. Ki yafe mini fushin.

Ya Allah, Kai da ba Ka ɓatan wurin kowa a tudu ko a ruwa, Ka jiƙan mahaifiyata, Ka haskaka kabarinta, Ka sanyaya hannuwan nan da suka ƙone. Ka haɗa ta da 'yarta a inda ba tashi, ba ruwan da zai raba su. Ka jiƙan duk ƙananan da ke kwance a kufai, waɗanda aka sani da waɗanda iyayensu suka tafi da sunayensu. Ka buɗa wa mutanen garinmu wata ƙofar abinci, Ka cire musu haushina daga zuciya. Ni kuma Ka yafe mini abin da na ɗauka da hannuna ban iya mayarwa ba. Amin.

Wassalam.

Ɗanki na biyu,
Garba